Giɓin da Na Kawo Daga Barazil

Tun ranar da na sauke kayana a Matamaye ba ku bar ni na sha iska ba. In na zauna a rumfar Tanko maɗinki, tambaya. In na fito daga masallaci, tambaya. Wani ya ce jaki ne ya harbe ni a baki, wani ya ce wata Bayarabiya ce ta kwaɗa mini muciya. Kai kuwa Tanko har cewa ka yi ban wuce Ilori ba, ƙarya nake sharara muku. To, ku gyara zama. Yau zan gaya muku inda na baro haƙoran nan biyu, daga nan kuma kada wanda ya sake tare ni a hanya.

Kun san abin da ya fitar da ni daga garin nan. Shekarar da Nasara suka sa mu ɗaukar turakun waya, kwamanda ya biyo ta bakin kasuwa, ni kuwa ina da kaya a kai, ban sauke na gaishe shi ba. Gardi, dogarinsa, ya sa ni durƙuso da dutse a ka, tun hantsi har aka kira azahar, surukina yana tsaye yana kallo. Na durƙusa, don bulala tana bayana. Amma a wurin na yi wa Allah rantsuwa cewa gwiwata ba za ta sake taɓa ƙasa don tsoron ɗan Adam ba. Kafin a yanke gero na bi ayarin masu kanwa, na yi kudu.

Iyakar da ake ta ba mu tsoro da ita, da na je sai na tarar turken ƙarfe ne a tsakiyar gonar wani bawan Allah. Gardi na can kan hanya yana neman takardar wucewa, ni kuwa ko kyallenta ba ni da shi. Sai na ratse cikin gonar. Na iske mai ita yana hutawa a gindin gawo, na ce, "Baba, ina ne ƙasar Ingilishi?"

Ya nuna da haɓa, ya ce, "Ƙafarka ta dama tana ciki. Ni kullum in na kama kunya ɗaya, a Faransa nake farawa in ƙare a Ingila, kuma duk su biyun haraji suke nema."

Ya ba ni ruwa na sha, na ɗaga ƙafar hagu na bi ta dama.

Kano da Zariya ba sai na ba ku labari ba, wasunku sun je. A kogin Kwara ne na fara sanin na bar gida, inda jakin madugu ya ƙi shiga kwalekwale, muka taru muka ɗaga shi kamar gawa, ya saka mana da fitsari. A Ilori mai masaukinmu ya kawo mana wani baƙin tuwo da miya ja wur. Na kai loma ɗaya, hawaye ya zubo mini, matar gidan ta yi ta dariya tana ce mini Gambari, haka suke kiran kowane Bahaushe. Daga can ƙasa na hau jirgin ƙasa, ina riƙe da benci ina ta salati har Ikko.

A Ikko na yi damina biyu a rumfar goro, kuma a nan na koyi sana'ar da ta kai ni inda ban taɓa mafarki ba. Goro kamar jariri yake. Sai ka kwance huhu, ka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ka fitar da wanda sankara ta kama kafin ya ɓata 'yan'uwansa, ka sake masa ganye, ka yayyafa ruwa daidai, ba yawa ba kaɗan ba. Cikin masu sayen goronmu akwai wani Sinyo Bento. Shi daga mutanen da ake kira Aguda yake, wato waɗanda aka sayar da iyayensu zuwa Barazil, suka sami 'yanci suka komo. Baƙar fata ne kamar ni, amma da kwat da malafa, Kirista, ga son riba kamar ya mutu. Yana jin Yarabanci da harshen Barazil, yana kuma karya Hausa. Ya ce zai kai goro ƙetaren teku, yana neman wanda zai raine shi a hanya. Aka nuna ni. Na tambaye shi ko akwai Faransawa a can, ya ce babu. Na ce mu je.

Teku kuwa, Allah Ya raba ku da ita. Kwanakin farko abin da na ci a Ikko da wanda na ci a Ilori duk sai da na mayar. Ba gabas ba yamma, in zan yi salla sai na tambayi mai tuƙi inda rana za ta fito. Da iska ta ɗauke muka yi ta shawagi wuri ɗaya, aka fara auna mana ruwan sha da ɗan gwangwani, sai na riƙa shan rabi ina yayyafa wa goro rabi, don ruwan gishiri kashe shi yake yi. Ma'aikatan jirgin suka ɗauka na taɓu. Amma da muka isa, huhu ɗaya kaɗai ya lalace, Bento har rungume ni ya yi, na ture shi.

Birnin ana ce masa Bahiya, rabi a bakin ruwa rabi a kan tudu, majami'u ko'ina ka juya. Abin da ya fara tsayar da ni a titi ƙamshi ne. Na bi shi sai ga wata mace da ɗaurin ɗankwali, zaune gaban kasko, tana suyar ƙosai. Ƙosai fa, na wake, sai dai da manja take yi, ta tsaga cikinsa ta cusa yaji. Na tsaya ina ci ina jin kamar in yi kuka. Irin waɗannan matan ne suka saye goronmu tas, ba don su ci ba, don su fasa wa iskokinsu, kusan yadda 'yan bori suke yi a nan.

Jirgi ba zai juya ba sai an cika shi da taba, don haka Bento ya ce mu shiga ƙauye wajen masu nomanta. Muka bi kogi, muka hau alfadarai. A masaukin farko na nemi tabarma aka nuna mini wani ƙyalle an ɗaure shi tsakanin ginshiƙai biyu kamar lilon yara, wai a ciki ake barci. Na hau ta nan na faɗo ta can. Mai masaukin ta zo ta nuna mini a karkace ake kwanciya, na ce na gode, na shimfiɗa rigata a ƙasa. Abincinsu baƙin wake ne da garin rogo da wani busasshen nama mai gishiri, ɗan'uwan kilishi amma maraya, ba ƙuli ba yaji. Kullum sai na sa Bento ya leƙa tukunya, don ba sa dafa wake sai sun jefa kunnen alade ko wutsiyarsa. Sau da yawa garin rogo da ayaba na kwana a kai.

Ƙauyen da muka nufa duk na mutum ɗaya ne, ana ce masa Koronel. Ba soja ba ne, mai gona ne, amma ƙasar tasa ce, rijiya tasa ce, yana da 'yan bindigarsa, kuma ba mai wuce shi sai ya cire malafa ya sumbaci hannunsa ya nemi albarka. An ce an 'yanta bayi a ƙasar tuntuni. Ni dai na duba ban ga wanda ya tafi ko'ina ba.

Ranar kasuwa muka isa. A tsakiyarta na ga an ja igiya, an rataye wasu 'yan ƙananan littattafai a kai kamar ana shanyar kuɓewa. A ƙarƙashinsu wani makaho ne zaune, Zeka, yana kaɗa wata garaya mai tsirkiya da yawa yana waƙa, matarsa na gefe tana sayar da littattafan. Manoma sun kewaye shi, ƙafafu duk faso, yawancinsu ko baƙi ɗaya ba su iya karantawa ba, amma bakinsu na bin waƙar, wani tsoho har yana share hawaye. In mutum ya saya, sai ya kai gida a nemo wanda ya iya ya karanta wa dangi duka. Na ce wa Bento, "Wane waliyyi ake wa wannan begen?"

Ya ce, "Ba waliyyi ba ne. Wani sarkin Faransa ne na zamanin da, mai farin gemu, da baradensa goma sha biyu. Labarin yaƙinsu ne da Moro."

"Su wane ne Moro?"

Ya ɗan kau da kai, ya ce, "Ku ne. Musulmi."

Jama'a, kun ji gudun gara an faɗa gidan zago. Na ƙetare Kwara, na ƙetare teku, na zo ƙarshen duniya, na tarar da Faransawa sun riga ni zuwa, a bakin makaho. Bento ya ce Turawan farko da suka zo ƙasar su suka taho da waƙoƙin a ka, can ƙasarsu ma an daina yin su, amma a nan daji suka yi saiwa, kowane mawaƙi ya gada ya ƙara nasa. Abin da ya fi ba ni haushi, masu kukan nan babu wanda ya taɓa ganin Bafaranshe da idonsa, da yawansu kuma sun fi ni baƙi. Da sun ga gardi ɗaya da sun san abin da suke wa kuka.

Ina cikin wannan huci sai na ji an taɓa hannun rigata. Wani tsoho ne, ya ranƙwafa, wando duk faci, yana kallon fuskata ba ya ƙiftawa. Ni ma na duba tasa. Askar da ke kumatunsa irin tamu ce. Bakinsa ya yi ta motsi kamar tsohuwar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba, can ya ce, "Ina... ina gajiya?"

Na ce, "Ba gajiya, Baba."

Ya zauna a ƙasa a wurin, cikin kasuwa, ya riƙe ƙafata.

A can Shiko suke kiransa, amma sunansa Nomau, mutumin Tsauni ne, nan bayanmu. Yana yaro yana korar tsuntsaye a gona shi da ƙanwarsa Dije mahara suka zo. Ita ta shige cikin dawa ta tsira, shi aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku. Hausarsa ta yara ce, a nan ta tsaya, in ta ƙare masa sai ya cika da hannu. Ya tambaye ni ko har yanzu kukar bakin rijiya na nan. Na ce tana nan, ban ma san wace kuka yake nufi ba.

Washegari muka je gaida Koronel. Ya ga rawanina da babbar rigata, ya tashi zaune, ya yi ta magana da sauri yana dariya. Bento ya ce mini bikin waliyyin garin ya zo, kuma kowace shekara ana wasan yaƙin nan na waƙa a fili, masu shuɗin kaya su ne mutanen sarkin Faransa, masu ja su ne Moro. Koronel ya ce bana Allah Ya kawo masa Moro na gaske daga ƙetare, ni zan zama sarkin jajaye. Bento ya ƙara da cewa in na yarda za a ba mu taba mai kyau.

Ni a nawa haukan na ɗauka abin kamar kokawarmu ce ta bayan kaka, wanda ya kā da wani shi ya ci. Na ce, "A ba ni sarkin Faransa a fili? Ko ba taba na yarda." Baƙo ko da ido makaho ne.

Baba Nomau ne ya warware mini, da la'asar, a rumfar da ake shanya taba. Ya ce, "Ɗana, ba a cin wannan yaƙin. An gama shi tun ba a haifi kakan Koronel ba. Makaho yana waƙa, kai kana bin abin da ya faɗa. A ƙarshe za a sa maka sarƙa, a kai ka gaban Koronel, ka durƙusa. Wani ya sa rigar fada, limamin Kirista, ya zuba maka ruwa a ka, ya ba ka sabon suna. Sai a yi ta murna."

Na ce, "Kai ina ka san wannan duka?"

Ya ce, "Ni ne sarkin Moro. Tun uban wannan Koronel ɗin yana da rai, saboda askar fuskata. Kowace shekara." Sa'an nan ya matso. "Kai ka yi karatu. Ruwan nan da ake zuba mini, ya wanke ni daga Musulunci? Na fara koyon salla ke nan aka kama ni. Yanzu ba abin da ya rage sai bismillahi. Na kusa mutuwa, ban san a wane layi za a tashe ni ba."

Ni ba malami ba ne, kun sani, izu biyu na yi na gudu. Na ce masa, "Baba, ruwan da aka zuba maka da tilas ai ruwan sama ne, ba ya canza kowa. Tashi in nuna maka alwala yanzu."

Ya girgiza kai. Ya ce, "A gaban gari nake durƙusawa. Sai in zo bayan taba in tashi a ɓoye? Allah ba yaro ba ne." Ya kuma ce in na ƙi wasan shi za a sa, in shi ya ƙi, bukkar da yake ciki da ɗan rogon da yake ci duk na Koronel ne.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sami Bento na zazzage masa, ya ce, "Gambari, wasa ne kawai. Ruwan ma na rijiya ne, fadan ma ba fada ba ne, wanzamin gari ne. Ka sa gwiwa ƙasa, ka tashi, mu ɗauki tabarmu." Na ce masa zan shiga fili. Ban ce masa komai a kan gwiwa ba.

Ranar biki aka cika filin gaban gidan Koronel. Aka ba ni jan mayafi da takobin katako da wasu ƙartai su zama rundunata. Zeka ya zauna a gindin baranda ya fara waƙa, matarsa na raɗa masa abin da ke faruwa. Gaskiya sai an faɗe ta, mutumin ya iya. Ban ji kalma ɗaya ba, amma da ya ɗaga murya tsikar jikina ta tashi. Duk baraden da ya kira sai wani ya fito cikin shuɗi, ya yi kirari, jama'a su amsa masa kamar ɗan garinsu ne.

Aka gwabza. Na san an rubuta in faɗi, amma ba a rubuta yaushe ba. Na farko na sa masa ƙafa ya sha ƙasa. Na biyu na ɗaga shi na juya na ajiye. Sarkin Faransa kansa, wani mahauci ne da gemun auduga, sai da na zaunar da shi a cikin kashin alfadari, don surukina da dutsen nan. Fili ya ɗauki sowa, Koronel na dariya har yana dukan cinya. Sa'an nan na ga Bento ya haɗa hannu yana roƙona da ido, na yar da takobi, na bari suka sa mini sarƙar gwangwani suka ja ni gaban baranda.

Wanzami ya fito da baƙar riga, riƙe da tasar azurfa cike da ruwa. Makaho ya sassauta kiɗa. Aka dafa kafaɗata in yi ƙasa.

Na tsaya.

Aka sake dannawa, na ƙanƙame. Fili ya yi tsit, dariyar Koronel ta ɗauke. Zeka ya maimaita baitin, ya sake maimaitawa, matarsa na ta raɗa masa. Ni kuwa ban shirya komai ba, wallahi, abin da na sani kawai ba zan durƙusa ba. Sai na dubi rana na ga azahar ta yi, na dubi tasa na ga ruwa mai kyau. Na miƙa hannu na karɓe ta daga wanzami, shi ma don mamaki ya sakar mini. Na ajiye, na tsuguna irin tsugunon alwala, gwiwata a sama, na ce bismillahi da ƙarfi, na wanke hannu. Na kurkure baki, na shaƙa a hanci.

Sai na ji makaho ya sake kiɗa, ya kama wata waƙa da sauri, mutane suka fashe da dariya. Daga baya Bento ya gaya mini abin da ya ƙaga a take, wai wannan sarkin Moro taurin kansa ya yi yawa, ruwa ba ya ratsa shi ta ka, sai an bi da shi gaɓa gaɓa. Rufa mini asiri yake yi, Allah Ya saka masa. Da a nan abin ya tsaya da an tashi lafiya.

Ina wanke fuska sai na ji mutum ya tsuguna kusa da ni. Baba Nomau ne. Ya ratso fili da sandarsa, a gaban Koronel, a gaban gari duka, ya miƙo mini tafukansa biyu. Na ce, "Baba, bukkarka fa?"

Ya ce, "Zuba."

Na karkata tasa na zuba masa. Ina yi yana bi, hannu, baki, hanci, fuska, damtse. Da muka zo shafar kai ban kai ga nuna masa ba sai na ga yatsunsa sun wuce kunne da kansu, sun riga nawa. Ya tsaya, ya dubi hannun nasa. Ya ce, "Inna ce ta koya mini wannan."

Wannan kam ba waƙar da za ta rufe shi. Kowa a filin ya san Shiko, ya san ba wasa yake ba. Ban ga saukowar Koronel ba, sai ji na yi ƙotar bulalarsa a bakina. Na tofar da haƙora biyu a ƙasarsa. Malam Hamidu, malaminmu na allo, ya taɓa gaya mana jini ba ya karya alwala, don haka na ci gaba, na wanke ƙafar dama, na wanke ta hagu, na zuba wa tsoho ya wanke nasa. 'Yan bindiga suka kewaye mu.

Abin da ya cece ni kuwa, har yau in na tuna sai in ji ɗaci. Bento ne ya faɗo tsakani yana ihu, wai kada a taɓa ni, ni talakan Faransa ne, in na mutu wakilin Faransa da ke birni zai zo neman jinina. Ku ga yadda fili ya rikice. Sarkin Moro mutumin Faransa ne? Mahauci mai gemun auduga ya saki baki yana kallona. Koronel ya tsaya yana huci, ya tofa yawu, ya ce kafin rana ta faɗi mu bar masa ƙasarsa, mu da tsohon. Da na san abin da Bento ke faɗa da na ce ƙarya yake, a ƙara cire mini haƙori na uku.

Muka yi azahar a wurin, ni a gaba, Baba Nomau a damana. A nan kam gwiwata ta taɓa ƙasa.

Kafin mu gama ɗaura wa alfadarai kaya an yaye rufin bukkarsa. Abin da ya fita da shi tabarma ce da cokali. Bento ya rasa tabarsa, ya zage ni da harshe uku, amma shi ya sauka daga alfadarinsa ya ɗora tsohon. A bakin gari muka iske Zeka da matarsa suna jiranmu. Ya ce a tambaye ni sunana da na garinmu, zai sa ni a waƙa a buga a littafi. Na ce Isufu, Matamaye. Na ce a tambaye shi yadda waƙar za ta ƙare.

Ya yi murmushi, ya ce, "Za ka kā da barade bakwai. Amma a ƙarshe za ka durƙusa. Waƙar ta girme ni, kuma ba mai sayen wadda Moro ya tsaya."

Na ce wa Bento, "Gaya masa ya rera yadda ya ga dama. Shi bai gani ba, amma garinsu ya gani."

To kun ji dalilin da ya sa na zaunar da ku. Can ƙetare akwai wani littafi rataye a igiya da ke cewa Isufun Matamaye ya durƙusa. Ina so a sami wuri ɗaya a duniya da aka san ƙarya ne.

A birni Bento ya binciko wasu tsofaffin Musulmi, Yarabawa da Nufawa, 'yan kaɗan da suka rage, suna salla a wani ɗaki a saman bene. Suka karɓi Baba Nomau, suka yi alkawarin in ta Allah ta kasance su za su yi masa wanka su sallace shi. Na yi na yi ya biyo ni jirgi, ya ƙi. Ya ce teku ta haɗiye shi sau ɗaya, ba zai sake ba ta ba. Ya ce dai in na isa in je Tsauni in duba ko Dije na da rai.

Ban faɗa wa kowa ba, amma kwana biyu da dawowata can na tafi. Na yi ta tambaya har aka kai ni wani gida bayan rijiya, kuma akwai kuka a wurin. Na iske ta a inuwa tana ɓarar gyaɗa, ta tsufa tukuf, idon ya tafi. Na gaishe ta na zauna. Na ce, "Iya, daga wajen Nomau nake."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Na kwashe labari na ba ta, teku, da Koronel, da makaho, duk yadda na ba ku. Ba ta tambaye ni nisan wurin ba, ba ta tambaya ko ya yi aure ko ya haihu ba. Da na gama sai ta ce, "Yana salla?"

Na ce, "Yana yi, Iya. Ni na zuba masa ruwan alwala."

Ta ce, "To, ai bai ɓata ba."

Ta goge idonta da bakin zane, ta kira jikarta, ta ce a dama wa baƙo fura da laushi, ta ji a maganarsa ba shi da haƙoran gaba.